Ƙamus Don Wani Mutum a Gidan Bamanga

Pantami, Gombe
9 ga Yuni, 2013

Zuwa ga ƙanena Aji, ɗan Goggo Joda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Halima Sadiya da yara. Ka ce wa Goggo ina gaishe ta a durƙushe. Mu nan ƙalau muke. Salahuddeen lafiya, Abdulgafar lafiya, Bushra ta yi zazzaɓi amma ta miƙe, sai sauran mutanen gida, duk alhamdu lillahi.

Tun da aka yanke muku sabis ɗin waya a Maiduguri na kira lambarka ya fi sau ashirin, kullum matar nan ta cikin waya ce ke ba ni haƙuri. Shi ya sa na koma ga biro, zan ba Ɗantala direba ya kawo maka. Rabona da rubuta wasiƙa tun kana tsotsar yatsa, don haka in ka ga layi ya karkace kada ka yi mini dariyarku ta Barebari. Ka tuna uwarka tamu ce, rabinka mutumin kirki ne.

Ga abin da ke tafe da ni. Na sayi kwamfuta ta hannu a Bolari, irin ta kan tebur. Ba na son intanet a gidana, kuma yadda gari yake yanzu ba na son wani nawa ya je ya zauna a shagon intanet, ba ka san lokacin da za a watse da gudu ba. An ce mini akwai ƙamus na Turanci da ake zuba mata ya zauna a ciki, da wani babban kundi mai bayanin komai na duniya, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina. Na sayi faifai ɗaya wurin wani Titus, da aka saka sai ya ce a haɗa shi da intanet tukuna. Ashe saniya na saya igiyarta na hannun wani.

Akwai wani mutum a gidan nan da Turanci ya kayar sau biyu. Za a sake gwada shi wata ɗaya bayan Babbar Sallah, ya kuma ce in ya faɗi na uku ya haƙura har abada. Ni kuwa ba na son ya haƙura. Kai ne mai gyaran kwamfuta a dangi, ka zaɓo mini wanda ya dace. Kada ka tambaye ni ko wane ne.

Yayanka,
Bamanga

Maiduguri
21 ga Yuni, 2013

Hamma Bamanga,

Wa alaikumus salam. Ubangidanka ya samu takardarka, ya kuma yafe maka karkacewar layi, don mun san Bafulatani a bayan shanu ya koyi tafiya. Muna nan da rai. Da la'asar kowa ya shige gida, shago ma rabin yini nake buɗewa. Inna tana amsa gaisuwa, ƙafarta ce dai ke damunta.

Hamma, ka ba ni aiki mai wuya. Zaɓen ƙamus kamar ɗinki ne, sai an auna mai sawa. Akwai na yara, akwai na ɗalibai, akwai na manyan malamai wanda bayanin kalma ɗaya sai ka nemi ƙamus na biyu ya fassara maka shi. Kundin nan da ya gagari bakinka shi ma haka yake, hawa-hawa ne. Ka ce in ɗinka, ka kuma ce kada in ga mai rigar.

To na zauna na yi tunani, kuma na gano ka. Wane ne a Pantami ya shiga ajin yaƙi da jahilci sau biyu ya gudu sau biyu? Inna ce ta taɓa ba mu labarin. Sannan Ɗantala ya ce bayan Sallah za ku yi zaɓen shugaban dillalan shanu a Tike, kuma ana son wanda zai iya tsayawa gaban ma'aikatan gwamnati. Hamma, neman ilmi ba abin kunya ba ne. Har na ji ƙwalla ta zo mini.

Ga faifai nan na naɗe a cikin takarda. Na masu farawa ne, ba ya neman intanet ko kaɗan, kuma ba zai yi wa tsohuwar kwamfutarka nauyi ba. Akwai wata agwagwa mai hula a ciki, ita ce malamar. In ka ci tambaya za ta tafa maka, in ka faɗi za ta ce ka sake, ba ta duka. Akwai kundin yara kuma, da hotunan dabbobi, za ka ga 'yan'uwanka a ciki.

Sirrinka a rufe yake. Halima Sadiya kaɗai na gaya wa, sai Ɗantala, don ya riƙe faifan da daraja.

Ubangidanka,
Aji

Pantami, Gombe
3 ga Yuli, 2013

Aji,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Goggo kaɗai nake gaisarwa da kyau. Salahuddeen da Abdulgafar da Bushra suna lafiya, haka sauran mutanen gida.

Allah ya isa tsakanina da agwagwarka. Da aka saka faifan nan sai ta fito tana waƙa da ƙarfi, yaran layinmu suka cika mini tsakar gida, har da waɗanda ban san iyayensu ba. Yau kwana tara ke nan Bushra na yi mini waƙar harufa a kan tuwo. Wannan duk mai sauƙi ne. Ɗantala da ka ba amana ya hango ni a tasha ya ɗaga murya ya ce mini gud monin, ya kuma tambaye ni ina darasi. Kafin azahar labari ya riga ni isa Tike. Jiya ina cikin ciniki wani dillali da na girma da shekara goma ya tafa mini. Ni ban taɓa neman shugabancin kowa ba, ajin yaƙi da jahilci kuwa ba gudu na yi ba, lokacin cin kasuwa ne ya zo.

Amma ba wannan ne ya ƙona mini rai ba. Mutumin da na gaya maka ya zo ya tsaya yana kallon agwagwar. Ya yi dariya kaɗan tare da yara, sannan ya shige ɗaki. Ranar bai ci abincin rana ba. Ina jin ya ɗauka da gayya aka kawo, wai ga matsayinsa nan. Abin ya dame ni, Aji, kuma ba ni da bakin da zan je in yi masa bayani.

Tunda kai sai an tauna an sa maka a baki, to ji. Ba ni ba ne. Ba ƙaramin yaro ba ne. Ba ma namiji ba ne, tunda ka matsa. Aikin asibiti take so, Turancin ne ya tsaya mata a ƙofa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kuma ko wannan ma ya yi yawa.

Bamanga

Maiduguri
22 ga Yuli, 2013

Hamma Bamanga,

Barka da shan ruwa. Mun sha dariya a gidan nan har Halima Sadiya ta ƙware da kunu, kuma mun gode, don dariya ta yi mana wuya kwanan nan. Ka yi haƙuri da batun agwagwa. Ka bar wa Bushra ita.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Mace ce, babba ce, kuma Bafulatani ya ƙi kama sunanta. Ai ko Babarbaren da bai taɓa shan nono ba ya san ba kwa faɗin sunan matar fari. Umma ce. Na ji an ce ana koyar da mata ungozomanci a asibitoci, ana kuma yi musu gwaji kafin a ɗauke su. Wallahi ta burge ni, kuma kai ma ka burge ni da ka tsaya mata.

Na yi kwana uku ina tona akwatin faya-fayaina. Ga kundin likitanci nan, faifai uku, babu ciwon da ba ya ciki, da hotuna tiryan-tiryan. Na Amurka ne, amma ciwo ai duk ɗaya ne. Yana da ɗan nauyi, in kwamfutar ta yi jinkiri a yi mata haƙuri. Na haɗa da ƙaramin ƙamus na Turanci zuwa Hausa, ya ishe ta.

Ɗantala ya ce wancan karon masu binciken hanya sun tsare shi suna tambayar abin da ke cikin faifan, sai da ya yi musu waƙar agwagwa da ya ji a shagona suka sake shi. Don haka wannan na rubuta a jikinsu da manyan baƙi. Ka gaida mini ɗalibarmu.

Ubangidanka har gobe,
Aji

Pantami, Gombe
13 ga Agusta, 2013

Aji,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaida Goggo. Salahuddeen lafiya, Abdulgafar ya faɗo daga keke amma ƙurjewa ce, Bushra lafiya, sauran mutanen gida lafiya.

Ban san laifin da na yi maka ba. An saka faya-fayanka uku, kwamfuta ta yi ta nishi kamar saniya mai naƙuda, can sai ga hoton wani mutum tsaye, an feɗe shi tas, ba fata, idanu waje, yana kallonmu. Daga nan ta ƙame. An danna ko'ina ya ƙi tafiya. Aka kashe aka kunna, ya dawo. Umma ta shigo da faranti, ta yi salati ta koma da baya. Yanzu ta lulluɓe kwamfutar da zane, ta ce ba za ta ƙara sallah a ɗakin ba sai an fitar da bawan Allahn nan an yi masa sutura.

Da ta ji wai ita ce ɗalibar, ta ce in gaya maka haihuwarta huɗu, ba ta nemi faifai ba ko sau ɗaya.

Daga baya mutumin ya lallaɓa kwamfutar ta buɗe. Ya ce rubutun wasu kalmomin ya saɓa da wanda aka koya masa, in ya bi wannan za a soke shi. Ƙaramin ƙamus ɗin kuwa ya ce duk abin da ke ciki ya sani tun tuni. Ba ni ya gaya wa ba, Umma ya gaya wa ina daga zaure ina ji. Na kuma ji ya ce a bar wahalar nan haka, wataƙila ba rabonsa ba ne.

Saura wata uku, Aji. Wasa wasa ne, amma wannan karon ka taimake ni.

Bamanga

Pantami, Gombe
24 ga Satumba, 2013

Aji,

Yau kwana arba'in da biyu ban ji daga gare ka ba. Ɗantala ya daina zuwa, an ce hanyar Dambuwa ba ta biyuwa. Kullum sai na je tasha na tsaya, duk motar da ta fito daga wajenku sai na leƙa. Abin da rediyo ke faɗa ba ya barin mutum ya ci abinci. Wannan takardar wani Jibrilla zan ba, ban san shi ba, ya ce ya san layin shagonka.

In maganata ce ta yi zafi, ka yafe. Ka bar batun ƙamus, ka bar komai. Ka rubuto layi ɗaya ka ce kuna da rai. In zama ya gagara ka kwaso Goggo da iyali ku taho, ɗakin kwamfuta babu mai shiga, an ma riga an share.

Yayanka,
Bamanga

Maiduguri
5 ga Oktoba, 2013

Hamma Bamanga,

Muna da rai, dukanmu. Unguwarmu ce ta gagari zama, muka tashi da abin da hannu ya iya ɗauka muka koma gidan wan Halima Sadiya a cikin gari. Takardunka biyu sai shekaranjiya na same su tare, an tura su ta ƙarƙashin ƙofar shago. Ba fushi na yi ba. Ta ƙarshen ta sa ni kuka, kuma in ka gaya wa wani Bafulatani zan ƙaryata.

Jiya da rana muna zaune, ba fita, Inna ta ce in karanto mata wasiƙunka tun daga ta farko. Ban kai ƙarshe ba ta ce in tsaya. Ta ce, "Umma ta ce haihuwarta nawa?" Na ce huɗu. Ta ce, "Shi kuma sunan nawa yake kamawa a gaisuwa?" Na ƙirga, uku. Sai ta jefe ni da mafici. Ta ce, "Na haifi Babarbare, na shiga uku. Na'ima ce, 'yar farinsa. Tun yaye kakarta ta ɗauke ta zuwa Kwadon, shi ya sa ba ka taɓa ganinta a gidan ba. Ba sunan kaɗai ba, ko ruwa ya ga tana nema ba zai yarda a gan shi yana miƙa mata ba. Ka bar ɗan mutane yana ta zagaye wata huɗu, kana aika masa agwagwa."

Na ji kunya, Hamma. Ashe jarrabawar kammala sakandare ce ta Nuwamba, Turancin da ake nema kafin shiga makarantar jinya. Da na sani tun Yuni da an wuce wurin.

Akwatin faya-fayaina yana cikin abin da na tsira da shi. Ga biyu nan, Ɗantala ya koma aiki ta hanyar Potiskum. A fara cire kundin likitanci gaba ɗaya, kwamfutar za ta numfasa, Umma ta samu ɗakinta. Na farko ƙamus ne na ɗalibai, Turanci zuwa Turanci, rubutun Ingila irin wanda masu jarrabawa ke so. Kowace kalma da misalan jimloli, akwai sashen koyon rubuta wasiƙa da insha'i, kuma in an danna kalma wata Baturiya za ta furta ta. Akwai ma wani fili a ƙasa, duk abin da aka rubuta a ciki za ta karanta shi da murya. Na biyu kundin sani ne na 'yan sakandare, marar nauyi. Ta riƙa karanta shafi ɗaya kullum, ta rufe, ta rubuta abin da ta fahimta da kalmominta. Babu mai neman intanet a cikinsu, na gwada su a nan inda ko sabis babu.

Saura sati shida, kuma za su isa in ta dage. Ba sai ka ce mata daga gare ka ba ne. Ka ce wani Babarbare ne ya aiko don ya wanke laifinsa.

Ƙanenka,
Aji

Pantami, Gombe
16 ga Maris, 2014

Zuwa ga ƙanena Aji,

Assalamu alaikum. Na san za ka yi mamakin ganin takarda, tunda an dawo muku da sabis kuma ko shekaranjiya mun yi waya. Akwai maganar da ba ta fita ta baki, shi ya sa. A gaida Goggo, ka ce mata maficin nan da ta jefe ka da shi na gode. Yara duka huɗu suna lafiya.

Ban taɓa ba ka labarin sati shidan nan ba. Baturiyarka ta fi Umma magana a gidan nan. Daga an kawo wuta sai ka ji ta fara, ita ta faɗa, a maimaita, ta faɗa, a maimaita. Har na sayo ƙaramin janareta na ce don fanka ne, alhali sanyi ake yi. Babu wanda ya ce mini komai.

Ranar Laraba sakamako ya fito. An ci Turanci, da kyau ma. Umma ta yi guɗa, maƙwabta suka shigo, Bushra na ta tsalle. Aka kawo mini takardar a zaure, na duba na ce to, madalla, na sa takalmi na tafi Tike. Ba ranar kasuwa ba ce. Na zauna ni kaɗai a kan turke har la'asar, don kada a ga fuskata.

Washegari da hantsi gida ya yi shiru. Yara suna makaranta, Umma ta shiga barka a maƙwabta, ita kuma tana bayan ɗaki tana wanki. Akwai wuta, an bar kwamfutar a kunne. Tun da na saye ta ban taɓa zama gabanta ba, ranar na zauna. Na ga filin nan da ka ce duk abin da aka rubuta za a karanta. Na yi ta neman harufan da yatsa ɗaya, don an watsa su ba bisa tsari ba, ko agwagwarka ta fi su hankali. Shekara ashirin ke nan da na raɗa sunan nan a kunne ranar da aka haife ta, tun daga nan bai sake bi ta bakina ba. Na rubuta shi. Na danna.

Baturiyar nan ba ta da kunya ko kaɗan. Ta faɗe shi da ƙarfi, a karkace, kamar tana tauna goro. Na miƙe zan nemi inda ake rage murya, sai na ji an daina wanki.

Daga bayan ɗaki aka ce, "Na'am, Baffa."

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannu duk kumfa. Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Ba ni ba ne, kwamfuta ce."

Ta ce, "Na sani, Baffa." Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "A sake dannawa."

Na sake.

In ka karanta wa Goggo ka yaga takardar nan. In kuwa Ɗantala ya ji, ni da kai ne.

Yayanka,
Bamanga